Kalmomin da Suka Fito a Rahoton Auta

Wannan labarin ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba a bakin wani na tsince shi ba. Tsakanin teburina da nasa taku biyu ne. Na daɗe ina haɗiye shi, amma yanzu matasa sun cika sana'armu, kowa yana son ya shuka yau ya girbe gobe.

Auta muke ce masa. Ni da shi muka buɗe ɗan ofis a saman shagon gyaran firinta, ɗaki ɗaya, kwamfuta biyu, da fanka mai kuka kamar an bi ta da duka. Aikinmu talla ne a shafin bincike. Idan mutum ya rubuta "katifar ciwon baya" a wayarsa, tallan ɗan kasuwar da muke wa aiki ya fito a sama, kuma ba a cajinsa sai an danna. Gwanintar ita ce ka jawo masu saye, ka kori 'yan kallo. Auta ke zaɓar kalmomi da rubuta talla. Ni nake karanta rahoto, in ga abin da mutane suka rubuta kafin su danna, da wanda ya saya, da wanda ya leƙa ya wuce.

A shekara ta uku abubuwa suka tsaya cak. Wata safiya mai katifu, wanda shi ne babban mai ba mu aiki, ya hau bene yana haki, bai ko zauna ba.

"Mutum dubu sun danna, katifa huɗu na sayar," in ji shi. "Ni ba gidan kallo na buɗe ba. Idan wata ya mutu haka, zan nemi wasu."

Bayan ya fita na ce wa Auta, "Gyaran a bayyane yake. Mu toshe kalmar 'kyauta' da 'ta hannu', su ke kawo mana 'yan kallo. Shafinsa kuma yana daɗewa kafin ya buɗe. Mu gwada talla iri biyu mu ga wanne ya fi. Wata uku za a ga canji."

"Yaya, kai komai naka sai an jiƙa an shanya," ya ce. "Wata uku? Kafin nan kura ta ci akuya ta sha ruwa."

Abin da ya biyo baya shi ya gaya mini da bakinsa, bayan an makara. Wani tsohon abokin karatunsa, wanda ya canza mota uku cikin shekara, shi ya kwatanta masa wurin wani boka. Da tsakar rana ya je, wani tsohon sito a bayan layin masu walda. Ciki duhu ne duk da zafin rana, kuma ƙarar guduma tana ɗaukewa da zarar ka taka bakin ƙofa. An lulluɓe bango da baƙin ƙyalle. A tsakiya akwai tukunyar ƙasa cike da wani ruwa mai kauri wanda ba ya nuna fuskar mai leƙa shi. Daga rufi an rataye igiya, an jera mata busassun yatsu, duk manuniya, suna lilo alhali babu iska. Bokan ba tsoho ba ne. Yana sanye da riga mai guga kamar ma'aikacin banki, yana yanke farce.

"Kana son a danna, kuma a saya," ya ce tun kafin Auta ya buɗe baki.

"Haka ne. Nawa zan kawo?"

"Kai da ka san sana'arka? Ba a biya sai an danna."

"To nawa ne duk dannawa ɗaya?"

"Kaɗan ne ƙwarai. Ba za ka ji fitarsa ba."

"Daga ina za a cira?"

"Daga abin da ke ƙarƙashin sunanka."

Auta ya ce asusun banki ne ya faɗo masa a rai, ko kuma shi ya zaɓi ya faɗo masa. Ya tambaya ko zai iya tsayarwa idan ya ga dama. Bokan ya hure farcensa ya ce, "Ban taɓa ganin wanda ya ga dama ba." Ya kama yatsan Auta na dama, ya soke shi da allura, ya tsoma a tukunya. Ruwan ya yi sanyi kamar ƙarfe, kuma daga ƙasa wani abu ya taɓa yatsan sau ɗaya.

Cikin mako biyu mai katifu ya sayar da duk abin da ke sitonsa. Ya kawo mana surukinsa mai injin ban ruwa, shi ma ya kawo wasu. Kafin shekara ta zagayo mun koma ofis mai hawa biyu. Auta ya sayi gida mai lambu, ya ɗauko Mama ya ba ta ɗaki a ƙasa. Matarsa, wadda Mama ke ce wa Amarya duk da shekara takwas da aure, ta ce, "Yaya, ƙaninka ya zama ruwan famfo, ko'ina ka murɗa sai ya zubo."

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Auta bai toshe kalma ko ɗaya ba. Shafin mai katifu yana nan da nauyinsa. Ga dannawar tana zuwa a jere, tsakanin kowacce da ta gaba lokaci iri ɗaya, kamar bugun zuciya. Mutane ba sa bincike haka.

"Me ka canza?" na tambaye shi.

"Sirrin sana'a."

"Ni ma kana ɓoye mini sirrin sana'ar da muka kafa tare?"

"Yaya, in ka ga tsuntsu ya faɗo gasasshe, ka ci kawai."

Sai wata rana na ga wani layi a rahoton tallan katifa wanda bai da alaƙa da katifa: "tsohuwa mai tari da jini". An danna sau ɗari uku. Na toshe shi na manta. Bayan kwana huɗu Mama ta fara tari. Likitoci suka duba ba su ga komai ba. Da na zauna bakin gadonta sai na lura yatsanta na dama yana bugun ƙarfen gado a hankali, tak, tak, ko tana barci. Na riƙe hannun, yatsan ya ci gaba da bugun tafina. Ranar Litinin rahoto ya nuna "yadi nawa ne likkafanin mace". Ranar Alhamis muka binne ta.

Bayan an watse na ja Auta bayan gida na nuna masa takardar rahoton. Ya karanta, ya zauna a ƙasa, ya gaya mini komai.

Muka koma ofis muka tsayar da kowane talla. Allo ya nuna a tsaye suke, amma lambar dannawa tana ta hawa a gaban idonmu. Muka goge tallan gaba ɗaya. Da safe suna nan. Auta ya koma layin masu walda, ya tarar da sito a buɗe, babu ƙyalle, babu tukunya, wani mutum yana jera tayoyi. Ya nemi abokin nan nasa, aka ce ai yana asibitin masu taɓin hankali tun bara.

Matarsa ta riga ta fara zargi. Ta tare ni a falo ta ce, "Yaya, ka gaya mini gaskiya. Mijina ba ya iya kallon idona. Kuma dubi." Ta miƙo hannu. Yatsan yana motsi shi kaɗai.

Na ɓoye mata gaskiyar, kuma har yau abin yana ci na. A makon ne rahoto ya fitar da "yadda ake ɗaure mace ba tare da an ji mata ciwo ba". Ta fara bin gida tana danna duk abin da ta gani, makunnin fitila, idon murhu, goshin 'yarta. Tana yi tana ƙirga. Ranar da ta nufi idon yarinyar da yatsa, 'yan'uwan Amarya suka zo suka tafi da ita. Ba ta sake gane kowa ba.

Auta ya ɗauki wuƙar kicin ya datse yatsansa. Bai hana komai ba. Ya sayar da gidan ya rabar da kuɗin, 'yan kasuwa suka ji ƙishin-ƙishin suka gudu, ma'aikata suka watse. Muka rage mu biyu a ofis babu kujeru, da kwamfuta ɗaya da ya hana a kashe, don yana tsoron ranar da zai ga wani abu game da 'yarsa.

Wata Asabar da hantsi ya zo gidana riƙe da hannun yarinyar da jakar kayanta. Ya rame har wuyan rigarsa na yawo.

"Me ya fito?" na ce.

Ya miƙo mini takarda. Layi ɗaya ne: "wa zai riƙe marainiya".

"Na ji sauƙi, Yaya," ya ce. "Ba ita ba ce." Ya durƙusa ya gyara mata igiyar takalmi da yatsu huɗu, ya ce ta riƙa jin maganar baffanta. Kwana uku bayan nan mai shara ya tarar da gawarsa a ƙasan ofis, jikinsa ba wani sabon rauni. A ranar lambar ta tsaya.

Yarinyar tana gidana, ta shiga aji biyar. Duk lokacin da ta zauna cin abinci sai na kalli hannunta, kuma ban san ranar da zan daina ba.

Ku da kuke wannan aiki, da ma kowane aiki, ku ji ni da kyau. Wanda ya ce zai ba ka nasara amma ya ƙi faɗa maka farashi, ya riga ya leƙa gidanka ya zaɓa. Kwaɗayi ba mai shi kaɗai yake ci ba, yana farawa ne da waɗanda suka amince da kai suka kwana ƙarƙashin rufinka. Ƙanina ya ƙi jiran wata uku, ya biya da uwarmu, da hankalin matarsa, da ransa.