Ƙudan da Ya Tsaya Aka Ɗauke Shi Hoto

Ranar Litinin da safe Daraktan cibiyar binciken ƙwari ya jawo wani akwati mai murfin gilashi, ya tarar da allura a tsaye, 'yar takardar bayani na soke a jikinta, ƙudan da ya kamata ya kasance a kai babu shi.

Sufeton da aka turo ya yi shekaru yana bin ɓarayin mota, kuma ya san ma'anar a tura mutum neman ƙuda: ba a da niyyar ƙara masa girma. Ya hau bene ya shiga wani dogon ɗaki mai warin kafur. Akwatuna jere tun daga ƙasa har rufi, fanka ɗaya ce ke juyawa, an ajiye bokiti inda rufin ke yoyo.

"Ƙuda fa ka ce, Farfesa?"

"Ba irin na kan shara ba," in ji Darakta. "Mai ƙaton kai ake ce masa. In ka gan shi sai ka rantse zanzaro ne. Wannan kuwa shi kaɗai ne irinsa da ke hannun mutane. A lambun bayan ginin nan aka kama shi, tun kafin a haife ni, ba a sake ganin wani ba."

"Me ya kai ka buɗe akwatin yau?"

Darakta ya yi bayani kamar wanda ake cire wa haƙori. Makon jiya wani mai kemis, mai sha'awar ɗaukar hoton ƙwari, ya saka hoton irin wannan ƙuda a intanet, a kan fure, a cikin lambun. Masana daga waje suka rubuto suna so a kwatanta hoton da wanda ke cikin akwati. In ya tabbata ƙudan na raye a lambun, dole ma'aikatar da ke kula da cibiyar ta dakatar da shirinta na share wurin a yi filin ajiye motoci, a mayar da ɗakin ƙwarin zauren taro.

"Kai kuma filin motocin kake so."

"Ni takarda aka kawo min, na sa hannu."

"In babu ƙudan akwati, babu abin kwatantawa. Ɓatansa kai ya yi wa daɗi."

"To da sai in kira ku?"

Sufeto ya duƙa kan akwatin. Ƙarƙashin allurar fes, ko ɓurɓushi babu. Ya roƙi a ba shi wani busasshen ƙuda marar muhimmanci, ya gwada zare shi daga allura. Kai ya faɗi gefe, ƙafafu suka zube kamar toka. Ya dubi hannayen Darakta, masu kauri da zobba, ya cire shi daga lissafi. Mai son ƙudan ya ɓace zai jefar da shi ne da allurarsa. Mai son sayarwa kuma ba zai bar takardar ba, domin in babu ita mushen ƙuda kawai ya sata.

Maigadi bai ɗauki lokaci ba.

"Yallaɓai, ni da nake wuni ina korar ƙuda, shi zan hau bene in sato?"

"Makulli nawa ne, Baba?"

"Biyu. Ɗaya wurin Farfesa, ɗaya wurin Dakta. Na Farfesa sai da na ɗiga masa mai yau kafin ya juya."

Dakta ita ce mai kula da ɗakin, mace siririya mai furfura, wadda ma'aikata ke kira Uwar Ƙudaje in ta ba da baya. Ta fi shekara talatin a nan. Sufeto ya same ta a ƙarshen ɗakin tana canza kafur a akwatunan da aka ce za a kwashe.

"Dakta, ta yaya ake gane irin waɗannan a hoto?"

"Yawanci ba a ganewa. Suna da yawa, kuma kamarsu ɗaya. Sai ka ga launin fuska, ko rawaya ce duka ko da baƙin layi. Sai ka ga cinyar ƙafar baya. Sai inda duhun fiffike ya tsaya. In mace ce, sai ka ga ƙasan cikinta, inda take da abin da take riƙe ƙudan zuma da shi ta zuba masa ƙwai."

"Ta zuba masa ƙwai?"

"Yana cikin tashi. Tsutsar ta cinye shi daga ciki, shi kuma yana ta zuwa aiki har ya faɗi."

"Na san ma'aikata irinsa," in ji Sufeto. "Hoton mai kemis fa?"

"Ya yi kyau."

"Shi ne ƙudan?"

"Ba ni aka tambaya ba. Na waje aka tambaya."

A shagonsa na magani, mai kemis ya tarbi Sufeto kamar ɗan jarida ne ya zo. Ya bar wata mata tsaye da takardar magani, ya juyo da kwamfuta kan kanta.

"Shekara da shekaru nake kai wa Dakta hotuna, Yallaɓai. Kullum amsa ɗaya: ba a iya ganewa. Har matata ta fara cewa da ni haka in na yi aski."

Sufeto ya bi tsofaffin hotunan. Rabin fiffike. Gindi na fita daga hoto. Fure a sarari, ƙudan kuma dishi-dishi. Wani ma yatsan mai kemis ne kawai. Sannan ya zo kan na makon jiya. Fuskar ƙudan na kallon kyamara. Ƙafar baya a miƙe. Fukafukai a buɗe. Ciki a ɗan ɗage, ana ganin ƙasansa.

"Wa ya ce ka je wurin?"

"Dakta kullum tana ce min gwada nan, gwada can. Ran nan ta ce in duba furannin bayan tankin ruwa da safe."

"Ka matsa kusa da shi?"

"Har kyamara ta kusa taɓa shi. Bai motsa ba. Na ce yau Allah ya dube ni."

"Da ka gama ya tashi?"

"Aka kira ni daga shago, na bar shi a nan."

Mutumin ba shi da makulli, hannunsa na rawa ko kofin shayi ya ɗauka, kuma murnarsa ta gaske ce. Sufeto ya sa ya buga masa hoton a takarda, ya koma cibiyar. Bayan tankin ruwa ya bi furannin ɗaya bayan ɗaya. A kan wani da ya fara bushewa ya ga ɗige-ɗigen gam, ƙanana, a jere.

Ya ajiye hoton da furen a teburin Dakta.

"Kin lissafa min abubuwan da ake bukata a gani, kin ce yawanci ba a samu. Na duba hotunan mutumin nan kaf, babu wanda ya nuna ko biyu. Wannan ya nuna duka, a zama ɗaya. Ƙafafunsa ma daidai suke hagu da dama, kamar na cikin akwatunanki. Ƙuda mai rai bai san abin da masana ke son gani ba. Wanda ya zaunar da wannan ya sani, har ya kasa barin ko ɗaya a ɓoye. Kuma ya zare shi daga allura bai karya komai ba, ya bar allurar da takardar a wurinsu, domin yana da niyyar mayar da shi kafin a lura."

Dakta ta ɗauki hoton ta kai kusa da fuskarta.

"Da na lanƙwasa ƙafa ɗaya," ta ce. "Na yi tunanin haka. Hannuna ya ƙi."

"Yaya kika yi bai farfashe ba?"

"Kwalba da jiƙaƙƙen yashi. In ya kwana biyu a ciki sai gaɓoɓinsa su yi laushi. Ramin allurar na juya shi wajen fure."

"Ba ki yi zaton za su nemi na akwatin ba?"

"Na san za su nema. Da sun same shi a wurinsa, kuma da ya yi daidai da hoton, har gashi."

"To ina yake, Dakta? In kin mayar da shi, zan rubuta cewa an saka shi ne a akwatin da ba nasa ba. Farfesa ba zai gane bambanci ba."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta.

"Ina bayan tanki ina jiran mai kemis ya tafi. Ya tafi. Tsakanina da furen bai fi daga nan zuwa ƙofa ba. Ƙadangare ya riga ni."

Sufeto ya jira ko akwai saura. Babu.

"Na bi shi," ta ce. "Da shekaruna. Ya shige ƙarƙashin tanki. Ƙudan nan ya tsira daga gara, ya tsira daga yoyo, ya tsira daga daraktoci huɗu. Ni ce na fitar da shi waje."

"Sai kin biyo ni ofis kin ba da bayani."

"Na sani. Za a rubuta wa na waje?"

"Farfesa zai rubuta. Ina jin yau ɗin nan, bai taɓa samun wasiƙa mai daɗin rubutawa kamarta ba."

Ta dubi akwatunan, daga ƙasa har rufi.

"Sito za a kai su, kusa da injin wuta. In babu mai canza kafur, damina biyu za su yi. Bari in ƙarasa wannan layin."

Ya bar ta ta ƙarasa. Ya sauka ya tsaya a bakin lambun yana jiranta. Wasu mutum biyu da hulunan kwano suna ciki, ɗaya na tattaka furanni yana jan tef ɗin awo, ɗaya na rubutu a tafin hannunsa. Ashe Darakta bai jira rahoto ba. Mai tef ɗin ya waiwaya yana neman inda zai maƙala bakinsa, bai ga komai ba sai ɗan sanda a tsaye ba ya aikin komai.

"Yallaɓai, don Allah ɗan riƙe mana nan."

Sufeto ya riƙe.