Ruwan da Ya Ƙi Washewa

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Malama ta tura ƙofar shagon mai kifin ado, karo na uku a mako guda. Ta dangwarar da wata kwalba a kan teburinsa. Ruwan ciki daga tankin gilashin da ke falonta ta ɗebo shi.

"Malam, duba mini wannan. Duk abin da ka ce na yi."

Mai kifi ya ɗaga kwalbar wajen fitila. Ruwan fari ne, kamar an wanke shinkafa a ciki. Shagon sai ƙarni da warin gansakuka, injinan iska na ta gurnani a kowane lungu.

"Kin rage musu abinci?"

"Sau ɗaya a rana, ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta."

"Canjin ruwa fa?"

"Kwata kawai, yadda ka ce. Soson matatar ma da ruwan tankin na wanke shi, ban kai shi famfo ba. Na zuƙe dattin tsakuwa da tiyo. Ka ce in yi haƙuri kwana huɗu, zai washe da kansa. Yau kwana goma sha ɗaya, Malam."

Abin da ya fi ƙona mata rai, kimiyya take koyarwa a sakandare. Ita ce mai tsayawa gaban allo tana bayanin yadda ake tace ruwa, ga shi ruwan falonta ya gagare ta. Kuma ba don ƙawa ta ajiye tankin ba. Wata takwas ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinta, ya tafi da maganarsa. Ba ya karɓar abinci sai an tura kekensa gaban kifayen nan bakwai. Tun da ruwan ya dagule ya daina ganinsu, ya koma kau da kai daga cokali. Jiya ko shayi bai kurɓa ba.

Mai kifi ya buɗe kwalbar ya shinshina.  Sai ya mayar da murfin, ya murɗe shi tamau, ya tura kwalbar nesa da shi.

"Me kuka saka a ciki kwanan nan, ban da kifi?"

"Babu. Sai wani dutse da maigidana ya kawo, baƙi sumul, da huji a tsakiya. Aikinsa haƙar rijiya ne. A ƙasan wata tsohuwar rijiya da suke yashewa ya tsinto shi, wai kifaye za su riƙa wasa ta hujin. Kuma sai da na dafa shi kafin in saka."

"Kin dafa shi," in ji mai kifi a hankali. Ya waiga ƙofa, ya sassauta murya. "Ki fitar da shi. Amma ba yau ba. Gobe da hantsi, ki yi bisimilla tukuna. Inda aka ɗauko shi, can za a mayar."

Malama ta yi tsaki a ranta. Magani ta zo nema, an haɗa ta da tatsuniya. Ta yi godiyar fatar baki, ta fita.

A hanya ta kira maigidan, ta faɗa masa abin da mai kifi ya ce. Ƙarar inji na tashi a bayansa.

"Haba Malama, dutse ne fa! Ke da digirinki? In ya dame ki, cire shi ki jefar. Ni sai jibi zan dawo."

"Ai dole. Kai ka jefa ni rijiya, yanzu kana miƙo mini igiya ta waya."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Gari ya fara duhu da ta isa gida. Maƙwabciyar da ta bar wa tsohon har ta yafa mayafi tana jiran ta a bakin ƙofa.

"Bai ci ba," ta ce. "Tun la'asar idonsa na kan tankin nan. Ni kam ban so kallon ba." Ta wuce da sauri, ko sai da safe babu.

Malama ta dubi farantin, ko cokali ɗaya ba a taɓa ba. Ta dubi mahaifinta. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.  Wato tsohonta ya sake kwana da yunwa saboda dutse? Ta ajiye jaka, ta jawo bokiti, ta naɗe hannun riga.

Tsohon ya yi wani gunaguni. Hannunsa mai lafiya na bubbuga ƙarfen keken.

"Yanzu, Baba. Yanzu za ka ga 'ya'yanka."

Ya girgiza kai. Ita kuwa ta riga ta juya baya.

Sai aka ɗauke wuta.

Injin iskar tankin ya yi tari sau biyu, ya mutu. Falon ya yi tsit. Ta kunna fitilar wayarta, ta jingina ta a kan tebur. A cikin farin ruwan ta hango inuwar kifayen, su bakwai, sun cure a kusurwa guda can sama, bakunansu na buɗewa suna rufewa.

Kumfa na ci gaba da tasowa.

Ta dubi injin. A mace yake. Ta dubi ruwan. Bul. Bul. Bul. Ɗaya bayan ɗaya, daga wajen da dutsen yake.

A ɗaya ɓangaren, wani abu dogo ya gifta. Ya juya.

Inuwar tiyo ce, in ji ta a ranta. Ta manta tiyon na rataye a banɗaki.

Ta tsoma hannu.

Sanyi ya ratsa ta har haƙori. Wani wari ya taso, ba ƙarnin kifi ba. Laka ce da ruɓaɓɓen ganye, warin wurin da rana ba ta taɓa leƙawa ba.

Zurfin tankin bai wuce gwiwar hannunta ba. Ta sani, sau nawa ta wanke shi.

Gwiwar hannun ta nutse. Ba ta taɓo tsakuwa ba.

Damtse ya nutse.

Sai da ruwan ya kai kafaɗa yatsunta suka sami dutsen. Ta damƙe shi.

Aka damƙe ta.

Yatsu ne. Dogaye, masu santsi. Sun zagaye wuyan hannunta har sun haɗe.

Kumfa ɗaya ta taso dab da kunnenta, ta fashe.

"Ba zuwa na yi ba," in ji wata murya siririya. "Kawo ni aka yi."

Wata kumfar ta fashe.

"Kuma kika dafa ni."

Aka ja.

Ƙirjinta ya bugi bakin gilashin. Haɓarta ta taɓa ruwa. Ta nemi addu'a, harshe ya ƙi ɗaguwa. Can ƙasa, nesa, abubuwa biyu farare suka buɗe.

Ruwa ya shiga bakinta.

Sai ta ji an cafke rigarta ta baya. Keken ya yi ƙara.

"Bis... mil... lahi."

Muryar kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Muryar Baba.

Harshenta ya saku. Ta ja a'uziyya da iyakar ƙarfinta, ruwa na fita ta hancinta. Yatsun suka sassauta. Suka zame ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya karce ta.

Ta faɗi da baya a kan ƙafafun tsohon, dutsen na hannunta.

Ta wurga shi a bokiti, ta kifa tire a kai, ta kai shi tsakar gida da gudu. Da ta dawo ta durƙusa ta rungume gwiwoyin mahaifinta. Hannunsa na bisa kanta. A haka wuta ta dawo ta same su.

Gari na wayewa ruwan ya washe garau, har ana iya ƙirga tsakuwar ƙasa. Baba ya shanye shayi kofi biyu, amma bai ƙara furta ko kalma ɗaya ba.

Maigidan bai jira jibi ba. Da ya ga hannunta bai yi dariya ba. Ya naɗe dutsen a buhu, ya tafi da shi. Sai bayan ya dawo ya faɗa mata cewa tun ranar da ya fito da shi, ma'aikatansa biyu suka ƙi sake sauka rijiyar, kuma sun ƙi faɗin dalili.

Ciwon ya warke cikin mako biyu. Amma kullum rana ta faɗi, wuyan hannun nan sai ya jiƙe sharkaf, shi kaɗai, har ta koma ɗaura masa hankici. Likita ya duba ya ce gumi ne. Malama ba ta yi masa gardama ba. Ba ta dai taɓa ganin gumin da ke barin laka a hankici ba.