Layi Biyu a Asibitin Tamaske

Ranar da Munir ya fara ganin Rahila, yana tsugune a ƙarƙashin tebur a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Tamaske, wayoyi sun naɗe masa hannu. Ita ungozoma ce a wurin. Daga Madawa aka ɗauko shi ya haɗa asibitin da rezo, wato layin sadarwa, na kamfanoni biyu, domin in layi ɗaya ya mutu, hotunan awon ciki da ake aika wa likita a Tawa su bi ta ɗayan.

"Mi ya sa biyu?" ta tambaye shi.

"Ban taɓa ganin abin da ba ya yankewa ba," ya ce, bai ɗago kai ba.

"Allah sarki. Da wagga ɗaurarriyar fuska kake gyaran rezo?"

Ya ɗago. Dariyar da ya gani ta bi shi har Madawa, ta hana shi sakat.

Sannu a hankali saƙonni suka fara kai da komo. Tana kiransa Mai Ɗaure Fuska, shi kuma yana kiranta Sanyin Raina. Amma mahaifinta, Malam Halidu, bai yarda ba. Mazajen yayyenta mata sun tafi ci-rani Abijan, sun bar masa mata da jikoki. Ya fi son Usama, ɗan kasuwar albasa, wanda rumbunsa ke nan inda ido ke gani.

Da damina ta yi tsaka, ruwa ya kwana yana zuba, kori, wato rafin da damina ke cikawa, ya ci gindin eriyar kamfani na farko. Daga ranar Rahila ta yi shiru.

"Sanyin Raina, lafiya?" ya rubuta. Ba amsa.

Wani direba ya gaya masa an ga dangin Usama a ƙofar Malam Halidu. Munir ya shige ɗaki. A ransa ya ce ai ya tanadar wa asibitin layi na biyu, shirun nan nata ne, ba na rezo ba. Ya yanke hukunci shi kaɗai, ya zauna yana jinyarsa.

Sai da mai asibitin ya aiko cewa hotuna sun daina tafiya, sannan ya hau mota.

Ya tarar da fitilar layi na farko koriya shar. Nan take ya gane. Ya koya wa na'urar da ke zaɓen layi ta duba wayar da ta hau rufi kawai, kuma wayar lafiya lau take. Can gaba ne hanya ta mutu, na'urar kuwa ta ci gaba da tura komai cikinta, layi na biyu na zaune ba aiki.

Ya juya hanyar zuwa layi na biyu. Wayarsa ta girgiza a aljihu. Saƙon Rahila ne da ya maƙale tun ranar ruwan, don ta na'urar asibitin wayarta ke aikawa.

"Mai Ɗaure Fuska, na shawo kan Baba. Ya ce ka zo Juma'a. Kar ka bar ni."

Ranar kuwa Talata ce, Juma'ar ta riga ta wuce.

Ya juyo, ga ta a bakin ƙofa, idanunta sun faɗa.

"Na ga saƙon bai tahi ba," ta ce. "Ina iya aron wayar ƙawata Delu, ban ara ba. Ina son in ga ko shiruna zai taso ka."

"Rahila..."

"Mota ba ta daina zuwa Tamaske ba, Munir."

Bayan La'asar Munir ya durƙusa gaban Malam Halidu, ya faɗi komai bai rage ba. Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Tun Juma'a ɗiyata ba ta ci abin kirki ba," ya ce. "Ba don kai zan yi ba. Aiko manyanka. Kuma in ka ji shiru daga gidana, ƙahwa nike son gani, ba waya ba."

Kafin Munir ya bar garin ya gyara na'urar. Ya sa ta riƙa tambayar can ƙarshen hanya, in ba a amsa ba ta bi ɗaya layin.

Bayan an yanke hatsi aka ɗaura aure. Da aka kai amarya Madawa, gwaggonta Habsa ta damƙa masa hannunta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Kai kuma ɗana, saki fuskar nan."

Daga cikin mayafi ya ji dariyar nan ta ranar farko. Wannan karon ya taya ta.