Koriyar Fitilar Ma'aunin Hanta

Na'urar ta ciji yatsan Haladu, ta tsotsi ɗigon jini, ta yi ƙugi kamar tsohon firji. Sai fitila ta kawo, koriya shar.

"Lafiyarka ƙalau. Sauka bakin aiki," in ji muryar lasifikar ƙofa.

Lafiya ƙalau, wai! Mutumin da idonsa ya koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura har maɓallin riga ya ƙi shiga.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Haladu yana narka tsofaffin batura a ƙarƙashin Birnin Rufi, garin da aka kife da gilashi kamar an kifa ƙwarya. Hayaƙin wurin hanta yake ci. Dokar kamfani kuwa ɗaya ce: ba mai fita sai wanda Ma'aunin Hanta ya nuna wa ja. Jirgin asibiti sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma yau ne ranarsa.

Maimakon su gyara bututun hayaƙi, masu kamfanin sai suka shuka ƙayar madara, wani tsiro mai fure shunayya da farin zane a ganye kamar an zuba nono. Mutanen da suna shan 'ya'yansa saboda hanta, likitocinsu na cewa wataƙila yana taimakawa, ba su rantse ba. Su kuwa masanan Rufi suka taɓa irin, suka ninka ƙarfinsa, suka mai da shi ƙwaya, kowane ma'aikaci ɗaya kullum.

Barira, mai kula da na'urar, ita ta tsegunta masa tun da damina.

"Malam Haladu, lamba biyu kawai abin nan yake karantawa a jini. Irin kamfani lambobin yake kwantarwa, gubar tana nan. Ka daina sha kwana arba'in, za ka ga ja. Hantar nan ba za ta kai baɗi ba."

Kwana arba'in cur yana ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, yana tofarwa a kwata. Ga shi yau kore. Ya dubi Barira, ta sunkuyar da kai. Yana cikin lif yana sauka ya ji ƙarar tashin jirgin, tsoro ya kama shi.

Da yamma ya koma ɗakinsu a hawa na talatin. Tun daga ƙofa ya ji ƙwas-ƙwas ɗin ɗan turmi. Matarsa Tasalla, wadda ke cirar ciyawa a gonar kamfani, tana zaune tana daka wasu baƙaƙen 'ya'ya.

"Mene ne wannan, Tasalla?"

Ta yi 'yar dariyar wanda aka kama. "To, asiri ya tonu. Na ga kana tofar da ta kamfani, na ce ɗaci ne ya ishe ka. Shi ne nake ɗebo 'ya'yan ƙayar madarar a gona, in zuba maka a kunu. Kai ko ji ba ka yi ba, Baban Sagir! Ai ba na zauna ina kallo ciwo ya cinye min kai ba."

Ya dubi hannayenta. Duk ƙaya ta tsattsage su, wani tabon ya bushe, wani ɗanye. Faɗan da ya taso masa ya kwanta, tausayinta ya rufe shi. Ya zauna a ƙasa, ya gaya mata komai a hankali.

Taɓaryar ta suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi. Jirgin fa?"

"Ya tashi."

"Sai yaushe?"

"Sai baɗi."

Ba ta yi kuka ba. Ta zura wa turmin ido kawai. A lokacin lasifikar bango ta buɗe da fara'arta ta kullum, tana taya mazauna Rufi murna: bana ma jirgin asibiti ya koma ba kowa a cikinsa.