Makwancin Malam-Buɗe-Littafi

Ni ba mai yawan magana ba ne. Wannan ma sau ɗaya zan faɗa.

Yankan ciyawa ne sana'armu, ni da ƙanena Auta. Ran nan saniyarsa ta haihu, ga shi ba ko tsinke a gida. Muka ɗauki lauje da igiya, muka nufi filin da ke bayan layin dogo. Rana ta yi ja.

Akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi a filin nan, ruwan ƙasa, bai wuce farcen babban yatsa ba, da baƙin ɗigo a fiffike kamar ido. Tsutsarsa ciyawa take ci. Shi ma ba ya nisa da ita, ƙasa-ƙasa yake tashi. Da yamma sai su taru wuri ɗaya, kowanne ya kama tsinke, ya juya kai ƙasa, ya rufe fiffike. Sanyi na kashe musu jiki, ba sa iya tashi sai hantsi ya buge su. Mu masu lauje ba ma yanka inda suka kwanta. Haka muka taras.

Wurin kuwa ya fi ko'ina ciyawa.

"Auta, bar nan. Sun kwanta."

"Haba Yaya! Da gemunka kake tsoron ƙwaro?"

Ya sa lauje. Suna zubowa ƙasa kamar busasshen ganye, ba wanda ya tashi. Ya ɗaure dami.

Sai gyare suka yi tsit. Ƙanshin ɗanyar ciyawa ya ɗauke. Wani wari ya taso, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Na juya. Wani tsoho na tsugune inda aka yanke. Ban ji zuwansa ba. Na ɗauka bargo ya yafa.

Ba bargo ba ne. Su ne. Sun rufe shi daga kai har ƙafa, har fatar idonsa, duk suna barci. Ni kuwa na sani, ƙwaron nan ba ya kwana a kan abu mai numfashi.

"Sannunku da aiki," in ji shi, can ƙasa-ƙasa. Bakinsa na motsi, na kan leɓensa ko gezau. "Wa ya ɗauke musu shimfiɗa?"

Muka dubi damin.

Tsohon ya ce, "Ni jikina ya cika. Ga saura a ƙasa." Ya dubi Auta. "Kai dogo ne. Za ka yi."

Na ƙasa suka fara rarrafe. Suka hau ƙafar Auta.

"Yaya," ya ce da raɗa, "ba na jin ƙafata."

Na taɓa ta. Sanyi ƙalau, ta sandare kamar kara.

Sun kai gwiwa.

Na datse igiyar damin. Na riƙa ɗibar ciyawar ina kafa gindinta cikin danshin ƙasa, a tsaye, yadda take da.

Sun kai ƙirji.

Ina ta kafawa.

Sun kai wuya. Numfashinsa ya fara yankewa.

Sai ɗaya ya sauko, ya kama tsinke. Sannan wani. Sannan suka zubo. Na hannunsa na dama ne kawai suka ƙi.

Na saɓa Auta a kafaɗa, na zuba da gudu. Ban waiwaya ba. A bayana na ji muryar, ba gaggawa:

"Gobe ma za su nemi wuri."

Auta ya rayu. Hannun nan dai bai ƙara yin ɗumi ba. Kullum in rana ta yi ja, ko ƙofa a rufe take, sai ka gan su sun jeru a hannun. Haka zai zauna, hannun a kan gwiwa, har hantsi.

Matarsa ta gaji ta ce, "Wai don Allah me zai hana ka kakkaɓe su?"

Ya ce, "In na kore su daga hannu, ina kike so su koma?"