Musabaha a Ƙofar Sauri

Bayan haɗarin mota aka sa mini hannun roba mai batir, wanda sai na matse naman dungulmina yake damƙewa. Ni da ko ƙwai ban iya ɗauka da shi ba, gaisawa ta zame mini abin burga.

Bayan isha'i, a wani lungun Ƙofar Sauri, wani dattijo ya miƙo hannu.

"Malam Talle, ina gajiya? Ya iyali?"

Na cafke. Wari ya buge ni kamar na mushe, ga ruwa mai yauƙi yana bin robar. Na sassauta naman, yatsun suka ƙi buɗewa.

"Baba, cika ni mana."

"Kai ka riƙe ni," in ji shi. "Dungulmin ne ya gane abinsa."

Na duba. Tabon ƙunar da ke babban yatsansa nawa ne. Da kaina na raka hannun nan maƙabarta.