Hular da Aka Shanya a Bakin Kasuwa

A motar Mafara zuwa Maradun suka fara haɗuwa. Hanya gargada, kowa ya riƙe kujera, amma Lailatu ɗinkin hularta take yi, ko a jikinta. Yasir, manomin shinkafa ɗan Bakura, ya yi ta satar kallo har ya kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, ba ki tsoron allura ta soke ki?"

"Ta saba da ni," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Kafin su sauka ya ce hula yake so, ya karɓi lambarta. Hula kam ya samu, amma kowa ya san ba ita ke kai shi Maradun duk Juma'a ba.

Lailatu ba ta ɗinka zanen da kowa ke ɗinkawa. Nata take ƙirƙira, don so take ta tsaya da ƙafarta, ta daina yi wa dillalai wahala. Mahaifinta Malam Abdulwahabu kuwa ya tsani sana'ar, don ita ta cinye idon marigayiya matarsa. Da ya ji Yasir na ƙara mata ƙarfin gwiwa, sai ya ɗaure fuska.

"Mai zuga ki ki makance shi ne masoyi? Ga Tukur nan, ya ce in ya aure ki kin huta da allura."

Tukur dillalin huluna ne a kasuwar Mafara, baki kamar zuma.

"Baba, ban gaji ba balle in huta. Da wagga allura Inna ta rufa muna asiri."

Takaici ya ishe ta, ta sauke shi kan aiki. Ta fitar da sabon zane, zangarniyar shinkafa, kore da ruwan gwal, ta ɗinka wa Yasir, ta bi shi da saƙo:

"Masoyina, wanga zane naka ne kai kaɗai. Sai ranar aurenmu zan fitar da shi kasuwa da sunana. Ka riƙe amana."

"Lailata, ko ƙuda ba zai sauka kanta ba," ya amsa.

Ana haka, wata Juma'a ya iso ƙofar gidansu, sai ga Tukur ya fito daga zaure yana washe baki. A kansa zangarniyar shinkafa ce, kore da ruwan gwal. Yasir ko sauka daga babur bai yi ba, ya juya ya tura mata:

"Ashe zanen na mutum biyu ne. Allah shi ba ku zaman lahiya."

Ranar Talata ta shiga kasuwar Mafara sayen zare, ta tarar da zanenta jere rumfa-rumfa, an yi masa ɗinkin gaggawa, ana sayarwa da arha. Ga sana'a ta zube, ga zargi. Kai, abin da ciwo. Ta rubuta masa:

"In kai namiji ne, zo ka faɗi a gaban idona."

Ya zo yana cika yana batsewa. Ba ta ko shimfiɗa masa tabarma ba.

"Ina ka kai hular?"

"Ba inda na kai ta. Sai wanki, da zufar gona ta ɓata ta."

"Wankin ina?"

"Wurin masu wankin hula na bakin..."

Nan take ya gane. Wa bai san aikin masu wankin hula ba? In sun wanke sun sa sitati, kan gungumen itace suke kifa ta, su jera a rana bakin hanya, kowa na gani. Rumfar Tukur kuwa tana kallon wurin. Hoto ɗaya Tukur ya ɗauka da waya, ya raba wa masu yi masa ɗinki a ƙauyuka.

"Na yi ta ƙure idona a kanta, kai ka shanya ta a kasuwa, kuma ni ce maci amana?"

"Lailata, na yi wauta. Ki gafarce ni."

"Gafara ba ta maido mini zane, Yasir."

Ta shige gida, ta ci kukanta ta ƙoshi. Washegari ta ɗauko farin ƙyalle da fensir.

Yasir bai ɓuya ba. Ya je ya durƙusa gaban Malam, ya zayyana komai, nasa laifin da na Tukur. Malam ya gyara zama.

"To, sana'ar ta watse da kanta. Lallashe ta ta bari, in ba ka ita yau."

Ga abin da Yasir yake nema an miƙo masa.

"Baba, na cuce ta sau ɗaya, ba zan ƙara ba. In aure sai ta aje allura, to na haƙura in jira. Alkawarin da zan iya, zan kai ta a duba idonta, kuma ba ɗinki da fitila a gidana."

Malam ya leƙa tsakar gida. Lailatu na duƙe, ido a kumbure, tana jan layi kan ƙyalle.

"Taurin kan uwarta ne sak," ya ce a hankali. "Turo magabatanka."

Da Lailatu ta ji amsar da Yasir ya ba mahaifinta, ta huce. Bayan kaka aka ɗaura aure a Maradun. Ango da abokansa suka fito da sabon zanen da ba a taɓa gani ba, jama'a na ta waiwaye. Wani dattijo ya taɓa Malam.

"Wai waɗanga huluna daga ina aka kawo su?"

Malam ya ɗaga murya yadda har na bayan sahu za su ji.

"Daga cikin gidana. Aikin ɗiyata ne, Lailatu. Allah shi tsare mata idonta, shi yi ma aurensu albarka."

Jama'a suka amsa da amin.